Labarin da Aka Kai Aji

Wata mai ɗinki tana fama da zaren da ya sarƙe a keke sai ƙanwarta Auta ta shigo shago da kayan makaranta. Ba ta zauna ba, ta tsaya jikin teburin yanka tana murza alli.

"Yaya, yau malamar asibiti ta zo ajinmu. Ƙawarki."

"Madalla. Me ta koya muku?"

"Yadda ake ɗaukar ciwon sanyi da ƙanjamau, da yadda yarinya za ta ce a'a ko an cika ta da kyauta. Sai ta ba mu labarin wata. Wai tana ajin ƙarshe wani mai mota ya riƙa rage mata hanya, har waya ya saya mata. Wai yanzu kullum sai ta sha magani, amma ta buɗe shagon ɗinki, ita ke riƙe da ƙanwarta. Duk 'yan ajinmu suka juyo suna kallona."

Shekara tara ke nan mai ɗinkin tana ɓoye maganar. A gwangwanin maɓallai take ajiye maganinta. Har mahaifiyarsu ta rasu ba ta sani ba. Mutum ɗaya ta gaya wa, ƙawar nan tata da suka zauna benci ɗaya tun firamare, wadda ta raka ta gwaji.

"Ke ce, Yaya?"

"Ni ce. Na so a ce daga bakina kika ji."

Ta rufe shago ta nufi asibiti. Ta tarar da ƙawar a ɗakin awo tana naɗe takardun bangon da ta je makarantar da su.

"Ban ambaci sunanki ba," in ji malamar tun kafin ta buɗe baki.

"Kin ambaci shagona. A ajin Auta."

"Wallahi na sha'afa ajinsu ne. Shekara uku ina nuna musu hotuna suna hamma. Yau yara shida suka biyo ni da tambayoyi, ɗaya ma ta ce a gwada ta."

"Da kin tambaye ni."

"Da kin ƙi."

"Da na ƙi. Ai labarina ne."

Malamar ta miƙo hannu, mai ɗinkin kuwa ta nemi a ba ta katinta na asibiti.

Kafin mako ya zagayo mata biyu sun zo sun karɓe yadinsu ba a ɗinka ba, ɗaya ko ruwan shagon ta ƙi sha. Mai ɗinkin ta koma karɓar magani a wani asibiti mai nisa, sai ta hau mota biyu.

Kwana uku Auta ta ƙi zuwa makaranta. A rana ta huɗu yayar ta goge mata riga, ta raka ta har bakin ƙofar makaranta. 'Yan mata suka yi cirko-cirko suna kallonsu. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a wurin har aka kaɗa ƙararrawa Auta ta shige aji.