Kifin Baro-Dighi

Mozammel Hoque ya tsoma hannu cikin kwanon haɗin abincin kifi, ya ɗebo dunƙule guda, ya kai hanci ya lumshe ido.

"Dulabhai, mijin Yaya, don Allah matsar da abin nan," in ji Tofazzal, ƙanin matarsa, yana toshe hanci da tawul ɗin wuyansa. "Ko mushen akuya bai kai shi wari ba."

"Kai me ka sani? Ƙwan tururuwa ne, da man shanu, da zuma, da kwakwar da ta yi wata uku a kwalba. Sauran abubuwa huɗun ko Yayarka ban faɗa mata ba."

"Ita ma ba ta tambaya ba. Cewa ta yi kawai in tabbatar ba ka faɗa ruwa ba."

Suna zaune ne a kan dandamalin gora a gefen tafkin Baro-Dighi. Damina ta janye, shinkafa ta fara ja a gonaki, hazon safe yana kwance a kan ruwa. Masu fatsa wajen talatin sun zagaye tafkin, kowa da dandamalinsa, kowa ya ƙura ido ga gashin ɗawisun da ke yawo a kan zarensa, mai nuna in kifi ya taɓa ƙugiya. Tun kafin ya bar aikin gidan waya Mozammel yake yankar tikiti a nan duk Asabar ta kaka, yau shekara goma sha ɗaya. A kantin mai shayi shi ne malamin kowa a harkar katla, kifin nan mai ƙaton kai wanda in ya riƙa sai mutum biyu su ɗauke shi. Ya san zurfin da yake kwanciya da iskar da yake so. Kama shi ne dai bai taɓa yi ba.

Gobe da yamma kuma za a kai kaya gidan amaryar ɗansa Shihab don bikin shafa mata kurkum, kuma a al'ada babban kifi ne ke shiga gaba a kan tire. Ranar da aka sa rana, Mozammel ya bugi ƙirji a gaban mutane ya ce kifin auren ɗansa ba zai fito daga kasuwa ba, da hannunsa zai ciro shi daga Baro-Dighi. Uban amarya, Haji Sekandar Mollah, wanda shi ke riƙe da hayar tafkin, ya shafa gemu ya ce in sha Allah.

A dandamalin kusa da nasu akwai Masta Nirmal Saha, tsohon malamin lissafi, wanda ya riga Mozammel fara zuwa da shekara uku. Hannunsa ya soma rawa, sai ya yi ta fama kafin ya sa haɗi a ƙugiya.

"Mozammel-bhai," ya kira a hankali, "na ga kamar nawa ya motsa ɗazu. Ni ne dai na makara. Idon ya tafi."

"Haƙuri, Masta. Tafkin nan ba na kowa ba ne. Kifinsa wayo gare shi."

Hazo ya washe, rana ta take. Mozammel ya sauya ƙugiya, ya ƙara zurfi, ya rage zurfi, ya hana Tofazzal tari. Gashin ɗawisu yana nan tsaye ƙyam. Can tsakiyar ruwa wani ƙato ya juya bayansa ya nutse, tafkin gaba ɗaya ya ɗauki salati, amma ba wanda zarensa ya ja.

Bayan azahar Tofazzal ya ce shi kam zai je neman shayi kafin ƙugunsa ya ƙage. Ya daɗe. Da ya dawo babu kofi a hannunsa, wani buhu yake ja, ya jefa shi a gaban Mozammel.

"Shinshina wannan, tunda kai gwanin hanci ne."

"Dusa ce da tunkuza. To, sai me?"

"Irinsa sun fi ashirin a bayan ɗakin maigadi, duk babu komai ciki. Na ba Joynal maigadi sigari ɗaya, ya zazzage min komai. Duk Juma'a bayan la'asar suke shiga kwalekwale su juye wa kifin, umarnin Haji. Dulabhai, kifin nan ba wayo gare su ba, ƙoshi ne. Shekara goma sha ɗaya kana kai wa waɗanda suka dawo daga walima abinci, kana mamakin ba sa buɗe baki."

Mozammel ya ƙura wa buhun ido. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya tuna man shanun da yake sata a kicin, da zazzaɓin da ya taɓa kwasa a nan, da dariyar da matarsa Rokeya take haɗiyewa duk yammar Asabar in ya shigo da jaka a lanƙwashe. Ya miƙe har dandamalin ya yi ƙara.

"Yau kowa zai ji. Zan tara mutanen nan in ɗaga buhun nan sama. Haji ko ba Haji ba!"

"Yawwa! Auren fa?"

"Auren... a fasa in an ga dama!"

Bai rufe baki ba sai ga baƙar lema tana tafe a kan gaɓa, Haji Sekandar a ƙarƙashinta cikin fararen kaya, yana gaisa da masu fatsa ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu fatan sa'a. Ya hau dandamalin, ya dubi buhun, ya dubi fuskar Mozammel, ya yi murmushi.

"Beyai, surukina, ya ruwa?"

"Ruwa lafiya. Kifi ma lafiya lau, na ji an ce ba sa kwana da yunwa."

"To, dabbar Allah ce, a bar ta da yunwa?" Haji ya zauna a kan kujerar Tofazzal ba tare da an ce ya zauna ba, ya sassauta murya. "Mutum talatin, Beyai. In kowa ya tafi da katla duk mako, wata biyu sai dai ku zo ku jefa wa kwaɗi. Ni nake tsare muku tafkin nan."

"Shekara goma sha ɗaya, Haji!"

"A lokacin ai ba mu zama ɗaya ba." Ya nuna wata kwana da bakin lemarsa, inda itacen mangwaro ya sunkuya kan ruwa. "Gobe babu tikiti, ƙofa a rufe take. Abin da suka ci jiya ya narke, da safe za su tashi kamar masu buɗa baki. Ka zo bayan asuba, Joynal zai buɗe maka. Kai kaɗai. Babu raga, babu taimakon kowa, da hannunka da wannan haɗin naka. Duk Lahadi ma in kana so."

Mozammel ya dubi kwanar mangwaron. A ransa ya ji sandar tana lanƙwashewa a hannunsa, zare yana kuka, ya ga kansa a kan keken haya da katla kwance a cinya, ana bi ta gaban kantin mai shayi a hankali.

Haji ya miƙe, ya sa ƙafa ya tura buhun, ya zame ya faɗa ƙarƙashin dandamali. Mozammel yana kallo, bai hana ba.

"A gaida min Beyain, uwargidanka," in ji Haji, ya buɗe lema ya wuce.

"To, Dulabhai," Tofazzal ya ce, "in fara kiran mutanen daga dama ko daga hagu?"

"Zauna. Kana girgiza min ruwa."

Rana ta yi sanyi, masu fatsa suka fara naɗe zare. Masta Nirmal ya tako a hankali da kwanonsa, ya tsaya a bakin dandamalin.

"Na ga Haji ya daɗe a wurinka. Ya faɗi wani abu kan kifin? Ni kam ina tunanin bari, Mozammel-bhai. Ɗana ya ce in koma wurinsa a birni. Wataƙila hannuna ne ba shi da sa'a."

Tofazzal ya juyo ya zuba wa mijin yayarsa ido. Mozammel ya karɓi kwanon Masta, ya murza haɗin tsakanin yatsu, ya shinshina, ya daɗe yana nazari.

"Zumarka ta yi yawa, Masta," ya ce. "Ka rage ta, ka dawo Asabar."