Gidan da Mika Ya Gina

Ɗana Michael ba ya ɗaga murya, halin ubansa ne, amma in ya faɗi magana ta zauna. Daga Abuja ya bugo mini waya ya ce, "Mama, in ruwan fari ya sauka kwanon rufin nan bai gyaru ba, zan zo da mota in ɗauke ki. Ba za ki ƙara yin damina da bokiti a kan gado ba."

Ni kuwa Abuja ba ta yi mini ba. Na je lokacin da matarsa ta haihu, na yi ta wuni a saman bene ina leƙen motoci, babu mai ce mini ina kwana. A nan Rikoto aka kawo ni amarya, a gidan nan da mijina Mika ya gina da hannunsa. Soja ne, duk hutun da ya samu daga bariki sai ya tuɓe kaki ya shiga kwaɓa ƙasa. Ɗakin kwananmu ya fara yi, sauran suka biyo baya a hankali, shi ya sa babu ɗaki biyu da tsayinsu ya zo ɗaya. Ya rasu, yara sun watse, ni da kajina muka rage, kuma ba abin da ya dame mu sai yoyo.

Na shiga neman ɗan kwangila. Na farko ɗan cocinmu ne, mai zaƙin murya a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci. Ya hau ya yaye kwano don ya duba, ya ce gobe zai dawo. Har yau goben ba ta yi ba. Na biyu ko daga kan babur bai sauko ba. Duk abin da na tambaya sai ya ce, "Ba matsala, Mama, a zuba sabon kwano a shafa fenti, shi ke nan." Mutumin da komai a wurinsa ba matsala, ni ko ajiyar tsintsiya ba zan ba shi ba.

Ƙanwata Dinah ta zo ta tarar ina tsaki ni kaɗai. Ta ce, "Yaya, kin san wanda za ki kira, kina ta kewaye-kewaye." Na ce ta rufe mini baki. Ta kwashe da dariya, don ta san ta taɓo wurin.

Zakariyya take nufi. A zamaninmu in saurayi yana son yarinya sai ya yi golmo, wato ya shiga gonar ubanta shi da abokansa, su yi ta noma damina bayan damina kafin a ba shi ita. Zakariyya ya yi mini golmo. Har yanzu in na rufe ido ina ganin gonarmu ta gindin dutse, samari sun jeru da garma suna waƙa da yarenmu, mu 'yan mata muna kai musu kunu muna yi kamar ba su muke kallo ba. Kunyar da Zakariyya ya huɗa ba ta karkacewa. Har lungun bayan kuka, inda babanmu ba ya zuwa dubawa, sai ya gyara shi tsaf. Ina kewar lokacin nan ƙwarai, ƙamshin ƙasa da hayaniyar da komai.

Sai Mika ya dawo hutu cikin kaki, na ce ni shi nake so. Ban ɓoye wa kowa ba, kuma da za a sake, shi zan sake zaɓa. Manya suka zauna suka sasanta. Tsakiyar damina ce, kowa ya ɗauka Zakariyya zai jefar da garma ya tafi. Washegari sai ga shi a gona. Ya ƙarasa noma, ya yi girbi, ya kai dawa rumbu, sannan ya yi wa babanmu sallama. Da abokansa suka yi mishi tsiya, cewa ya yi ai dawar ba ta yi mishi laifi ba. Daga baya ya tafi Kontagora ya koyi gini, ya musulunta, ya je Makka, yanzu ɗiyansa ne ke hawa tsani shi yana tsaye a ƙasa. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, a kasuwa ko gidan makoki.

Da hadari ya fara haɗuwa ta wajen Danko, na ajiye girman kai na je da ƙafata inda yake buga bulo. Bai tambaye ni komai ba, ya ce, "Maman Michael, ki koma, ina nan tafe."

Ya zo da sandarsa, gemu ya yi fari fat. Ina nuna mishi kwano, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Bayan gida ya zagaya yana tsokanar gindin bango da sanda. Ya nemi izini ya shiga ɗakin kwanana, ya ƙwanƙwasa bangon da gadona ke jingine da shi. Ƙarar ta fito kamar ta ƙwarya. Ya ɓantare simintin da aka shafa a kai, ya zura hannu, sai ga ƙasa tana zuba kamar gari, da gara a ciki.

Ya ce, "Kwano ba shi ne ciwon ba. Ruwa da gara sun cinye bangon ta ciki. In na ɗora sabon katako a kan wannan, iskar farko za ta sauke miki shi a ka."

Na ce, "Alhaji, kwano na kira ka ka gyara."

"Na sani."

"To ka gyara. Michael ya ce in mai aikin ya zo in haɗa su a waya. Ka ce mishi gida lafiya lau, yoyo ne kawai. Damina ɗaya nake roƙo."

Ya daɗe yana kakkaɓe ƙurar hannunsa. Sannan ya kira ni da sunan da rabon in ji shi a bakinsa tun muna gona. Ya ce, "Leah, da mai yi miki ƙarya kike nema, ba ni za ki zo wa ba."

Raina ya ɓaci sosai, don gaskiya ya faɗa. Na danna lambar Michael na miƙa mishi wayar ba tare da na dube shi ba. Ina tsaye ya zayyana komai, bai rage ko kaɗan ba. Na ji muryar ɗana yana cewa to shi ke nan, Asabar zai taho. Na zauna a kan turmi.

Sai na ji Zakariyya ya ce, "Dakata, ɗana, ban gama ba. Ka bar mahaifiyarka a garinta. Ɗaki ɗaya na bulo, da baranda da makewayi, zan iya tayar mata kafin ruwa ya yi ƙarfi, ta zauna wurin Dinah kafin nan. Amma filin ba zai isa ba sai an sauke tsohon ginin, kuma ba zan taɓa shi ba sai ita ta ce in taɓa."

Ya miƙo mini wayar. Su biyu suna jiran ta bakina. Na dubi ɗakunan nan masu dogo da gajere, na tuna Mika da taɓo har gwiwa yana kirana in kawo ruwa. Ko in bar gidan a tsaye in tafi Abuja ya faɗi ba na nan, ko in zauna in ga an rushe shi. Na ce a sauke.

Ranar da suka zo da diga, an riga an yaye kwano, an kwashe kayana. Zakariyya ya ce in tafi wurin Dinah, in an gama zai aiko. Na ce gidan mijina ne, ba inda za ni. Babban ɗansa ya ɗaga diga zai sara bangon ɗakin kwananmu, uban ya riƙe mishi hannu. Ya ajiye sandarsa, ya ce bismillah, ya dafa bangon da tafin hannu biyu, shi tsoho da ƙyar yake tafiya, ya tura.

Bangon ya tafi gaba ɗaya, ko gardama bai yi ba. A gindinsa na kwana tun ina amarya har shekaranjiya. Na toshe baki da gefen zane na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne Mika, Zakariyya kuwa ya juya baya yana kallon dutse har na gama.