Akurkin Kwali

Daren Litinin na ji wani sauti ta bangon ɗakina: ƙiris, ƙiris, sai shiru, sai kuma ƙiris. Ba ɓera ba ne, ɓera ba ya tsayawa ya yi tunani. Da gari ya waye na leƙa maƙwabcina mai zanen gini, na same shi a kan tebur da reza yana yanka kwalin sabulu.

Wata tara ke nan da kamfaninsu ya sallame shi. Gine-gine sun tsaya cak a gari, ko'ina ka duba rodi ne tsaye yana tsatsa. Su goma sha huɗu ne a ofis, aka bar uku. Shi ya dawo gida da doguwar rula da fitilar tebur.

"Baba, aiki ya samu," in ji shi. "Mai kantin magani zai fara kiwo. Akurki yake so kafin Juma'a, ranar za a kawo 'yan tsaki. Ya ce in ya ga hannuna, ni zan zana masa shaguna shida idan kasuwa ta farfaɗo."

"Akurki ma sai an zana?"

"Komai sai an zana, Baba."

Matarsa tana wanke-wanke a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka gaya masa kaji ba sa karanta takarda. Ya nemo katako da ƙusa."

Bai nemo ba. Talata ya wuni a bayan kantin, inda za a kafa akurkin, ya kafa sanda yana bin inuwarta da alli don ya san inda rana ke sauka. Laraba ya ɗaura zare a kan sandar yana kallon inda iska ke kaɗa shi. Ni na riƙe masa bakin tef ɗin awo, na kuwa ji daɗin aikin, don ban taɓa sanin iska tana da ƙofar shigowa ba. Mai kantin ya fito har sau biyu.

"Mai zane, ina katakon?"

"Ranka ya daɗe, sai an fahimci filin tukuna."

"Filin taku goma ne. Me za a fahimta?"

Alhamis da yamma ya gama ɗan ƙaramin akurkinsa na kwali. Rufi mai gangara, tagogi na gidan sauro, ƙofa mai juyawa a kan tsinken ashana. Har kaji ya yi da auduga guda bakwai, ɗaya ta sunkuya tana shan ruwa a murfin biro. A ofis, in ji shi, ba a buga ƙusa ko ɗaya sai mai gini ya ga abinsa ƙarami ya amince.

Juma'a da safe ya sa rigar ofis, ya ɗauko akurkin kwalin a kan tire. Na bi shi. Tun daga kwanar layin kantin muka jiyo guduma. Kafinta ne da tsohon kwano, akurki har ya kai rufi, a karkace, ƙofarsa tana kallon mashigar iska. 'Yan tsaki suna ta kuka a gefe.

"Sanyi zai kama su ta nan," in ji mai zane.

"A rataya buhu," in ji kafinta, ƙusoshi a bakinsa.

Mai kantin ya dubi tiren sau ɗaya. "Kwana huɗu na jira ka. Shagunan ma na yi magana da magini, shi a ka yake zanensa."

Muka juyo. Ya ajiye tiren a dakalin ƙofar gida, ya zauna kusa da shi. Matarsa ta fito, ta dubi fuskarsa, ta goge hannunta a zane. Sai ga maƙwabciyarmu mai ɗinki za ta wuce. Ta tsuguna, ta buɗe 'yar ƙofar da farce, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Kai, ikon Allah! Jikata za ta so wannan. 'Yar'uwa, ashe kayan wasan yara ya koma yi? Nawa yake sayarwa?"