Mutumin Gindin Tsamiya

Malam Cornelius ba mugu ba ne, zargi ne dai ya yi masa yawa, kuma in za a faɗi gaskiya makarantar ce ta koya masa. Da shi aka buɗe ta, 'yan shekaru bayan samun 'yanci, a wani tsohon sito na auduga can bayan unguwar Madaki, aji biyu da allo ɗaya ana yawo da shi. In jirgin ƙasa ya yi kuka sai yara su ruga taga, don a lokacin shi ma jirgin baƙo ne a Gombe. Yanzu kuwa arzikin man fetur ya zo, tifa na shiga tifa na fita, ginin ɗakin kimiyya ya kai linta, saura rufi, an ja waya an kewaye har filin da shanu ke kiwo a da. Makaranta ta cika da 'ya'yan ma'aikatan reluwe da na 'yan kasuwa da yaran Kaltungo da Billiri. Abu ɗaya ne Malam Cornelius bai taɓa gani ba, ɗan makiyayi ya shiga aji ɗaya ya fita ta aji biyar.

Ba wai ba sa shigowa ba ne. Suna shigowa, kuma kansu na ja. Amma da rani ya kama sai ka ga wani kawu ya ɓullo da sanda ya ce kaka ba lafiya, yaro ya bi shi, daga nan sai labari. An yi masa haka har ya gaji da kawar da gadajen da ba kowa a kansu.

Babayo ne kaɗai ya jure. Siriri ne, marar magana, amma a lissafi ko Malam Cornelius, da yake shi ne malamin lissafin kuma mai kula da ɗakin kwanansu, sai ya sake duba allo in yaron ya ɗaga hannu. Jarrabawar ƙarshe saura 'yan watanni. Malam ya ɗora ransa a kan yaron nan har matarsa Dokas ta fara yi masa tsiya a gida, wai ko za su share masa ɗaki ne a gidansu na Herwagana ya dawo cikin 'ya'yansu.

Ana cikin haka wani mutum ya fara zuwa. Da la'asar, lokacin da ake sakin yara filin ƙwallo, sai a gan shi a gindin tsamiyar da ke bayan waya, da malafa, sanda a gicciye bisa kafaɗa. Ba ya sallama, ba ya sayar da komai, ba saniya ko ɗaya tare da shi. Yakan tsaya har a kaɗa ƙararrawa, sannan ya juya ya bi hanyar jeji. Malam Cornelius ya fara auna inda idon mutumin ke sauka, ya ga duk inda Babayo ya yi, can yake yi. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Wata rana ya daure ya taka har bakin waya.

"Sannu da hutawa, Malam. Wa ake nema?"

"Ba kowa," in ji mutumin, da Hausarsa mai ɗauke da Fulatanci. "Ina shan inuwa ne."

"Inuwa duk ta ƙare a Gombe sai wannan? Yaya sunanka?"

"Joda."

"To Malam Joda, wancan yaron mai tsaron gida, ka san shi? Ɗanka ne?"

Mutumin ya kawar da kai ya kalli gabas, kamar an nuna masa abin da bai kamata ya gani ba. Sai can ya ce, "Yaron mutanen wajenmu ne."

Malam ya dawo yana jinjina kai. Uba dai ai ba ya musun ɗansa. Wannan ɗan aike ne, an turo shi ya karanci shiga da fita. Da yamma ya kira Babayo gefe ya tambaye shi ko ya san mutumin gindin tsamiya. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa, ya ce, "Ina ganinsa, Malam." Aka yi juyin duniya bai ƙara ko kalma ba. Malam Cornelius ya ce a ransa biri ya yi kama da mutum, sun riga sun tsorata yaron.

Daga ranar ya hana Babayo tsaron gida ta ɓangaren tsamiya. Ya hana shi fita kasuwa ran Asabar. Ko masu tallan nono da ke zuwa bakin ƙofa ya sa aka matsar da su, don wa ya sani ko da su ake haɗa baki. Dokas ta ce masa zato zunubi ne, ya ce gara zunubin da a sake yi masa sakiyar da ba ruwa. Mutumin kuwa bai fasa zuwa ba, sai ma ya fara matsowa yana leƙe, tunda ba ya hango abin da ya saba hangowa.

Ranar da Malam ya gan shi ya dafa waya yana miƙa wuya, sai haƙurinsa ya ƙare. Ya kira maigadi da leburorin da ke kwaɓa siminti, ya ce su kamo masa shi. Cewa ya yi a kamo kawai, amma leburorin da aka daɗe ana zarginsu da ɓatan kwanon rufi sun samu wanda za su ɗora wa. Suka fizge sandarsa, malafa ta faɗi, suka taso ƙeyarsa ta tsakiyar fili. Wani ya ce ɓarawo, sai yara suka ɗauka baki ɗaya, suna bi suna tafi. Malam Cornelius ya ji abin ya wuce yadda ya so, amma bai tsawata ba, ya ce a ransa gara mutumin ya ji jiki ya gaya wa waɗanda suka aiko shi. Joda bai yi gardama ba, bai kuma waiga inda 'yan aji biyar suke tsaye ba. A bakin ƙofa aka jefa masa sandarsa aka ce kada a sake ganinsa.

Washegari da safe Malam yana shirin shiga aji, sai ga Babayo da akwatinsa na ƙarfe, ya durƙusa.

"Ina za ka da kaya? Na riga na kori mutumin nan, ba mai taɓa ka."

"Malam, shi ya haife ni."

Alli ya suɓuce daga hannun Malam Cornelius. "Ya haife ka? Na tambaye shi da bakina! Kai ma na tambaye ka!"

"Ni ne ɗan fari, Malam. Bai taɓa kiran sunana ba, ba zai ce ni nasa ne a gaban mutane ba. Ni ma ba zan nuna shi da baki ba."

Malam ya san da fulako, kunyar nan ta Fulani, mana. Wa ya zauna Gombe bai sani ba? Ya sha yi wa abokan aikinsa Fulani dariya a kai. Amma bai taɓa kawo shi kusa da mutumin gindin tsamiya ba, don tun ranar farko ya riga ya yanke masa hukunci.

"To yanzu shi ya ce ka dawo?"

"Bai ce ba. Shi ya kawo ni nan. Baffannina ne suka so a cire ni tun ina aji biyu, ya ƙi, har ya ware shanunsa daga nasu. Bana ma bai bi su kiwo kudu ba." Yaron ya dafa akwatinsa. "Jiya ina tsaye aka taso ƙeyarsa ban ce komai ba. A ɗakinmu kuma har aka kwanta ana kwaikwayon tafiyarsa. Ba zan iya cin abinci da su ba, Malam."

Malam Cornelius ya roƙa, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Ya ce zai tara makaranta kaf ya ba da haƙuri, ya faɗa musu ko wane ne. Babayo ya ɗago da sauri ya ce don Allah kada ya yi, wannan ya fi na jiya muni. Ya yi godiya, ya ɗora akwati a ka, ya fita.

Ran Asabar Malam ya hau kekensa ya yi ta tambaya har ya samu rugar. Joda ya taso da kansa ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo kindirmo, ya tambayi iyali da gajiyar hanya. Da Malam ya fara ba da haƙuri, sai Joda ya ce ba komai, wallahi ba komai, ai aikinsa yake yi. Kunya ta rufe Malam Cornelius, da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam Joda, jarrabawa ta kusa. Ka yi masa magana ya koma. Kai kaɗai zai ji."

Joda ya daɗe yana kallon can nesa, inda wani siririn saurayi ke kora 'yan maruƙa zuwa rafi.

"Na fi ka so ya koma," ya ce a hankali. "Amma saboda ni ya baro. In na ce ya koma, na nuna masa na san dalili ke nan, kuma na san ya ga abin da aka yi mini." Ya tura ƙwaryar gaban baƙonsa. "Sha, Malam, rana na yi."