Shamuwa Ta Iso, Babu Zare

…marasa kunya, marasa mafaɗi! A gidajenku ba a gaya muku ba a taɓa zaren watan Maris na mutum ba? Ja da fari, kowa ya ɗaura a hannu ran ɗaya ga wata, ba a kwancewa sai an ga shamuwar farko, sannan a rataya shi a reshe mai fure. Wannan ko ɗan yaye ya sani.

Ni na murza wa jikana nasa, da ulun tumakinmu. "Kaka, sai shamuwa?" "Sai shamuwa, Boyan." Shi ke nan, magana ta zauna. Jikana ba ya kallon idon mutum, ba ya son runguma — otizim, in ji likita — amma ka ba shi ƙa'ida, ya fi limamin coci riƙe ta.

Ga shi can a taga. Yana jijjiga, gaba, baya… gaba, baya… hannun damansa dafe da wuyan hannun hagu. Miyar wake ta huce, bai taɓa ba.

Su uku suka danne shi a bayan makaranta. Plamen, ɗan mai gidan burodi, shi ya sa almakashi ya yanke zaren. Wai har da kaɗa hannuwa kamar fiffike: ga shamuwarka nan, wawa. Sauran suna dariya. Malamai suna ina? Suna shan kofi?

Radka, 'yata, sai takardu. Wai Mama akwai hanyar da ake bi, za a zauna da shugabar makaranta, kada in sa baki. Mijinta kuwa wai a canza wa yaro makaranta. Wanda aka cuta shi zai tashi?

Na sa baki. Har gidan burodin na taka da sandata. Uban ya kakkaɓe gari daga hannunsa, yana murmushi. "Inna Stoyna, wasan yara ne. Zare ne fa." Ya miƙo sababbi, na kasuwa, masu ƙyalli. Na karɓa — ni ma wauta. Boyan ya duba sau ɗaya. "Ba shi ba ne."

Ba shi ba ne. To wa zai ƙaryata shi?

Mene ne wannan ƙaf-ƙaf… Wayyo. A kan turken lantarki, tana buga baki. Shamuwa ta iso.

Ya gan ta. Ya daina jijjiga. Ya fita ba takalmi, har gindin bishiyar da ta yi fure… ya ɗaga hannu ga reshe… yana laluben fatar hannunsa, yana neman ƙullin da zai kwance.

In je in ce masa me?

Plamen kuwa ya sha hukunci, in ji Radka. Ya ce "yi haƙuri" yana kallon takalmansa, aka kore shi daga makaranta kwana biyu. Ɗazu ya wuce ta ƙofarmu da sandar kamun kifi a kafaɗa, yana fito… nasa zaren na nan a hannunsa.