Ranar da Aka Kwashe Kujeru

Wata biyu ke nan da aka ba ta riƙon sashen buga littattafai a maɗaba'ar, saura wata ɗaya manaja ya yanke hukunci: ko a tabbatar mata da kujerar, ko a kawo wani. Sharaɗinsa ɗaya ne, taron safiyar Litinin ya daina cin awa biyu.

Taron kuwa haka ta gaje shi. Mutum tara kewaye da dogon tebur, fanka na juyawa ba iska, Rediyo mai haɗa shafuka ya ɗauko zance daga cunkoson hanya ya dire a ciwon haƙorin surukarsa. Sai an gaji an fara tattara biro, sannan Baba, wanda ya shekara ashirin da shida a kan babban inji, zai gyara murya ya ce, "Ɗan wani abu ne kawai." Bai taɓa magana kafin kowa ya gama ba. Abin da ya faɗa kuma shi ake rubutawa a allo.

Litinin ɗin nan ta yi sammako, ta sa aka jera kujerun a baranda.

"Oga, ɓarayi ne suka shigo?" in ji Rediyo.

"A tsaye za mu yi. Minti goma sha biyar."

"Ni da gaisuwata kaɗai ta fi haka."

"To yau ka yi rabi, ka ajiye mana sauran."

Abin ya tafi daidai. Littattafan rubutu dubu ashirin na wata makaranta za su fita Alhamis. Takarda ta iso, tawada akwai, direba ya san hanya. Baba na jingine da bango, nauyinsa a ƙafa ɗaya saboda ciwon gwiwa. Agogon wayarta ya yi ƙara, ta tafa hannu, aka watse. Ta aika wa manaja: minti goma sha biyar.

Talata Baba ya tafi ganin likita, mataimakinsa Dogo ya riƙe injin. Laraba da rana mai duba aiki ta ajiye mata littafi buɗe a kan tebur. Layukan sun karkace. Dubu shida aka buga haka.

Ta sami Baba yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ka san da wannan?"

"Na sani, 'yata. In injin ya yi zafi, noti ɗaya ke kwancewa. Duk bayan dubu biyu sai an ɗaure."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ina jiran layi ya zo kaina, kika tafa. Dogo dai na gaya masa a bakin ƙofa."

"Ya ce me?"

"Ya ce to. Dogo ai ko ce masa kika yi gidansa na cin wuta, to zai ce."

Ta dubi allon. Babu komai a jikinsa sai kwanan wata.

Littattafan ba su fita ba sai Juma'a. Manaja bai yi faɗa ba, ya dai tuna mata saura mako uku.

Litinin ta shigo da kujera ɗaya da hannunta, ta ajiye gefen allo.

"Baba, zauna. Kai za ka fara."

"Ai yara ba su yi magana ba."

"Yau daga ƙarshe za mu soma."

"Oga, ni ma fa gwiwata," in ji Rediyo.

"Kai bakinka ne ke buƙatar hutu."

Baba ya zauna, ya gyara murya. Ɗan wani abu ne kawai, in ji shi, sai ya faɗi uku. Ta rubuta su duka. Taron ya ci minti talatin da ɗaya, kuma haka ta aika, ba ragi.

Amsar manaja ta shigo kafin ta zauna: "Ya yi yawa."

Ta kife wayar, ta murza idanunta. Mai shara ya leƙo yana tambaya ko a mayar da kujerar baranda.

"Bar ta nan," ta ce.