Mita Huɗu na Baba Rajista

Shekara talatin da ɗaya Baba Rajista ya yi a ɗakin ƙarshen baranda. Kanta goma sha biyu, fayil tun daga ƙasa har rufi, tebur ɗaya, kujera ɗaya. Takardun duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar suna nan. In ka faɗi sunan mutum, kafin ka rufe baki ya miƙo maka fayil ɗinsa.

Wata Litinin masu awo suka zo. Gwamnati ta ce rabon ofisoshinta ba kai ba gindi: wani shi kaɗai a fili kamar na ƙwallo, wasu biyar a cushe kan tebur guda. Yanzu za a auna kowane ɗaki, a zuba a rumbun bayanai na kwamfuta, a ba kowa fili gwargwadon matakin aikinsa. Maza biyu suka ja tef. Shugabarsu, wadda suke kira Injiniya, ta tsaya a ƙofa da kwamfuta a hannu.

"Baba, nan ofis ne ko sito?"

Tambayar ta soke shi. Ya sha jin yaran akawu suna ce masa mai gadin takarda a bayan ido.

"'Yata, kin ga buhu a nan? Ofis ne."

"Mutum nawa ke zama?"

"Ni kaɗai. Na ishe shi."

"Mataki?"

"Na biyar."

Ta danna, ta yi godiya, ta wuce.

Bayan mako biyu takarda ta fito. Mai mataki na biyar, rabonsa mita huɗu murabba'i. Ɗakin kuwa arba'in da takwas ne. Za a zuba akawu goma sha ɗaya a ciki, a kwashe fayiloli zuwa garejin baya kafin ƙarshen wata.

Ya san garejin. Rufinsa na yoyo, gara ta gama da ƙyaurensa, ga damina a bakin ƙofa. Takarda ba ta shekara a can.

Tsohon direban ma'aikatar, wanda aka ɗauke su aiki rana ɗaya, ya leƙo yana dariya.

"Sarkin mita huɗu! Ko a nemo maka tabarma daidai wurin?"

"Fita, tsohon banza."

"Da ka ce sito ne, wa zai taɓa ka? 'Yan sashen lantarki sito suka ce, har da firji da kujerar barci a ciki, an bar musu abinsu."

"Ni ban iya ƙarya ba."

"Ba ƙarya ce ba ka iya ba, sunkuyar da kai ne. Girman kai rawanin tsiya."

Da rana wata dattijuwa ta zo neman shaidar shekarun aikin marigayi mijinta. Ya ciro fayil daga kanta ta tara, ya kaɗe ƙura, ya ba ta. Ta yi ta sa masa albarka. Da ta fita, ya daɗe yana duban sauran fayilolin.

Washegari ya hau bene wurin Injiniya.

"'Yata, na'urarki ta yi kuskure."

"Ba ta yi ba, Baba. Abin da ka faɗa min shi na sa mata. Mutane take ƙirgawa, ba ta san akwai takarda ba."

"To, gaya mata."

Ta zaro fom ɗin gyara. "In ka sa hannu cewa sito ne, fayiloli su zauna. Amma ka sani, ba a ajiye mutum a sito. Teburinka zai koma babban zaure, makulli ya koma hannun mai kula da kaya."

"Ba tsaka-tsaki? Ofis mai kaya a ciki?"

"Gida biyu ne kawai a fom ɗin. Na rubuta wa na sama su ƙara na uku. Wataƙila baɗi."

"Baɗi gara ta ƙoshi."

Ya karɓi biro. Ya sa hannu da ƙarfi, sai da ya huda takardar.

Aka kai teburinsa zaure, kusa da injin kwafi, tsakanin samari masu sauraron waƙa a waya. In ana son fayil, sai ya nemo mai kula da kaya, ya rubuta suna da lokaci a littafi, mutumin ya tsaya a kansa har ya fito. Ya haɗiye wannan.

Kwana tara da haka, aka buɗe masa ƙofa, wani wari ya buge shi. Jarkokin maganin wanke bayi guda ashirin, an jera su a jikin kanta ta uku. Ɗaya ta tsage. Ruwan ya bi siminti, ya kai gindin fayilolin ƙasa, har gefensu ya soma rinewa.

"Wa ya kawo wannan nan?"

"Kwamfuta ce ta nuna akwai fili a siton nan, Baba," in ji mai kula da kaya. "Ai kai ka sa hannu."

Baba Rajista ya durƙusa gaban kanta ta farko. Ya naɗe hannun riga, ya soma ɗebe fayilolin ƙasa yana ɗorawa sama, biyar-biyar. Kanta goma sha biyu ne, ko ta farko bai gama ba bayansa ya fara ciwo.

Mai kula da kaya ya kaɗa makullai. "Baba, ni fa zan je cin abinci. Kuma ka san doka, ba a barin sito a buɗe."

"Je ka. Kulle ni a ciki."

Mutumin ya dube shi, ya ga ba wasa yake yi ba. Ya ja ƙofar, ya murɗa makulli.